Masu Tsintsiya A Asibiti

Ran 5 ga watan Mayu na shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa cutar korona ta sauka daga matsayin abin ta da hankalin duniya baki ɗaya, bayan an yi shekara uku da 'yan watanni ana fama da ita. Tun kafin sa'an nan ma mutanenmu sun ajiye takunkumi, kasuwanni sun cika, makarantu sun koma kamar da. An yaba wa likitoci, an yaba wa ma'aikatan jinya, kuma sun cancanci yabon, gama da yawa daga cikinsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Amma akwai waɗansu bayin Allah da suka shiga ɗakunan da likitocin nan suka shiga, suka shaƙi iskar da suka shaƙa, har yanzu kuwa ba safai mu ke jin an ambace su ba. Su ne masu shara da goge-goge na asibiti, maza da mata. A kansu mu ke so mu yi magana yau, tun ba abin da annobar ta yi wa zukatansu ba, domin annoba ba ta yi ban kwana da mu ba, kuma abin da aka yi musu jiya shi za a sake yi musu gobe in ba a gyara ba.

Da fari ya kamata mai karatu ya san irin aikin nasu, don mutane da yawa suna tsammanin shara ce kawai irin ta tsakar gida. Mai sharar asibiti shi ke fara shiga ɗakin majinyata tun da asuba, kafin likita ya zo zagaye. Shi ke kwashe aman da aka yi da dare, ya goge jini, ya zubar da fo, ya wanke ban ɗaki, ya tattara auduga da bandejin da suka ɓaci, da allurar da aka yar, wadda in ta soke shi tana iya sa masa cutar da ba ta warkewa. In majinyaci ya cika, bayan an ɗauke gawa, shi ke wanke gadon ya shirya shi don mai zuwa. Likita ya kan tsaya bakin gado minti biyar ko goma ya wuce, amma mai goge-goge ya kan daɗe cikin ɗakin, a sunkuye, yana bin ƙarƙashin kowane gado. A lokacin korona aka ƙara musu aiki a kan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da umurni cikin watan Mayu na 2020 a riƙa goge ɗakin masu cutar aƙalla sau biyu kowace rana, da ruwan kilorin, watau maganin nan mai kaifin wari da ke cin hannu, ya sa ido hawaye, ya shaƙe ƙirji in an haɗa shi da ƙarfi fiye da ƙima.

To, mu tuna yadda al'amarin ya zo mana. An fara samun cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu na 2020 a Ikko, a jikin wani Bature mutumin Italiya. Ran 11 ga Afril aka tabbatar da ita a Kano, ba da daɗewa ba aka kafa dokar kulle, aka hana fita, aka tsai da motocin haya da 'yan adaidaita sahu. Ran 24 ga watan nan aka ɗauki azumi, ga shi kuwa tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano kan kai awo 40 ko fiye. A cikin makonnin nan ne aka yi ta mace-mace a birni, har masu haƙar kabari suka koka. Daga baya, cikin watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya ƙidaya mutum 979 da suka rasu, kuma ana zaton kashi 50 zuwa 60 cikin 100 korona ce ta jawo ajalinsu. Sai mai karatu ya auna halin macen da ke da aikin shara a asibiti cikin wannan wata. Aikinta na cikin waɗanda doka ta ce kada a tsai da su, amma babu motar da za ta kai ta. Ta tako a ƙasa da azumi a bakinta, ta shiga ɗakin da danginsu majinyatan ma aka hana su shiga, ta yini cikin rigar roba da warin magani, ta komo gida da magariba tana tunanin ko ta kwaso wa 'ya'yanta abin da zai kashe su.

Kada wani ya ce tsoro ne kawai irin na jahili. An yi bincike a asibitocin birnin Birmingham na Ingila cikin watan Afril na 2020, aka gwada jinin ma'aikata fiye da 500 don a ga waɗanda cutar ta riga ta shiga jikinsu. Masu shara da gyaran ɗakuna su suka fi kowa, wajen kashi 34 cikin 100. Ma'aikatan ɗakin da a ke kwantar da waɗanda ciwo ya tsananta gare su, su da ke tare da mafi munin majinyata, ba su kai kashi 15 ba. Abin da masu binciken suka fi zato shi ne, waɗannan an ba su cikakken kayan kariya an kuma koya musu yadda a ke sa shi, waɗancan kuwa ba su sami irinsa ba. Wani binciken kuma da aka yi a Singafo a farkon shekarar nan, a kan ma'aikatan asibiti 470, ya nuna fargaba ta fi yawa ga waɗanda ba likitoci ko ma'aikatan jinya ba, wajen kashi 21 cikin 100, su kuwa likitoci da ma'aikatan jinya wajen kashi 11. In haka ta faru a ƙasashen da ke da wadatar kayan aiki, ina ga tamu?

Akwai kuma wani abu da aka gane daga baya, wanda ya ƙara nuna girman kasadar da aka jefa su ciki. Da fari an ɗauka cutar ta fi bin abin da hannu ya taɓa, shi ya sa aka matsa wa masu goge-goge da wankin ƙofa, da ƙarfen gado, da tebur. Cikin shekarar 2021 masana suka tabbatar cewa galibi ta iska ta ke yaɗuwa, a ɗakin da ba ya samun iska sosai. Watau ashe hatsarin na cikin numfashin da mai shara ke ja sa'ad da ya ke durƙushe yana guga, shi kuwa sau da yawa safar hannu aka ba shi da ɗan takunkumi na yadi ko na takarda, takunkumin kirki kuwa aka ajiye wa manya.

Mu a ganinmu abu uku ne suka taru suka danne zukatan mutanen nan, kuma duk ukun ɗan Adam ne ya ɗora musu.

Na farko, an bar su cikin duhu. Likita ya san abin da ke damun kowane majinyaci, ya karanta yadda cutar ke kama mutum da yadda a ke kauce mata, sanin nan kuwa shi ke kwantar masa da hankali ko da yana cikin hatsari. Mai shara ba a kan kira shi wurin taron ma'aikata ba. Takardun gargaɗi da a ke mannawa a bango da Turanci su ke, shi kuwa watakila bai yi boko ba, ko da ya iya ajami. Sai ya shiga ɗaki bai san mai tarin nan na kusurwa korona ke gare shi ko wani ciwo ba. Abin da ya ke ji sai jita-jitar unguwa, wani ya ce babu cutar, ƙarya ce ta gwamnati, wani ya ce duk wanda ya shiga wurin killacewa ba ya fitowa. Mutumin da ke tsakanin maganganun nan biyu kullum, yana kuma ganin gawa da idonsa, ina zai sami barci?

Na biyu, an cire sunansu daga takarda. Tun zamanin gyaran ma'aikata da aka yi a mulkin Shugaba Obasanjo, tsakanin 1999 da 2007, gwamnatin tarayya ta sallami ƙananan ma'aikata da yawa irin su masu shara da masu gadi, ta mai da aikin hannun 'yan kwangila, waɗansu jihohi kuma suka bi sahu. Mai sharar da ke ƙarƙashin ɗan kwangila yana aiki a asibitin gwamnati amma shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Galibi ba shi da fansho, ba shi da hutun rashin lafiya, ran da bai zo ba a yanke masa, in ya yi ƙorafi akwai goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Kafin korona kuɗin kasada da a ke biyan ma'aikatan lafiya na tarayya Naira 5,000 ne a wata. Cikin Afril na 2020 gwamnati ta amince da alawus na musamman na wata uku, rabin albashi ga ma'aikatan lafiya na asibitocinta, kashi 10 cikin 100 kuma ga waɗanda aka ce aikinsu ba na jinya ba ne. Wanda ke hannun ɗan kwangila kuwa ba ya cikin bocar albashin gwamnati tun asali, saboda haka lissafin bai biyo ta kansa ba. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har ila yau, wanda ya san in ya kwanta ciwo girki ya tsaya a gidansa, zai ɓoye zazzaɓinsa ya zo aiki, ta haka ya cuci kansa ya cuci majinyata.

Na uku, ƙyama. Ko da babu annoba mutanenmu ba su ɗauki mai kwasar ƙazanta a bakin kome ba. Da annoba ta zo sai raini ya haɗu da tsoro. Daga ƙasashe da yawa an sami labarin ma'aikatan asibiti da maƙwabta suka ƙaurace musu, da waɗanda masu gidan haya suka kora. Likita yana da mota da gida mai katanga, yana iya keɓe ɗaki guda ya kwana shi kaɗai. Mai shara kuwa gidan haya ya ke, ɗaki ɗaya da iyalinsa, rijiya ɗaya da ban ɗaki ɗaya da sauran 'yan haya. In matan gida suka fara janye 'ya'yansu daga nata, suka daina karɓar abinci daga hannunta, ba ta da inda za ta kai kuka. A asibiti ba a san da ita ba, a gida ana gudunta.

To, me waɗannan abubuwa ke yi wa mutum? Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun bayyana alamun, kuma kowa na iya gane su in ya lura. Barci ya ƙaurace, ko kuwa mutum ya riƙa firgita cikin dare yana ganin fuskokin waɗanda suka mutu a gabansa. Gaba ya riƙa faɗuwa ba dalili. Ciwon kai da ciwon jiki da ba su jin magani. Abinci ya fita rai. Mai haƙuri ya zama mai saurin fushi, ya riƙa huce haushinsa a kan yara. Mai fara'a ya yi shiru, ya daina zuwa suna da biki. Waɗansu su kan faɗa shan ƙwayoyi don su iya jure aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Wannan ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani, kuma kamuwa da shi ba ya nuna raunin imani, kamar yadda zazzaɓi ba ya nunawa. Addu'a da haƙuri suna da babban matsayi, amma wanda ya karye a kan yi masa addu'a a kuma kai shi wurin mai ɗori.

Wahalar ita ce, a wurinmu da an ambaci ƙwaƙwalwa sai a ce hauka, ba kuwa mai son a kira shi mahaukaci, balle matalaucin da ke tsoron rasa aikinsa. Likitocin wannan fanni kuma kaɗan ne ƙwarai, ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano, amma mai shara ba zai bar aikin yini ya tafi can don rashin barci ba. Mun yi murna da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana a wulakanta mai irin wannan ciwo. Sai dai doka a takarda ta ke, ba ta san hanyar ɗakin ajiye tsintsiya ba sai an kai ta.

Gyara kuwa mai yiwuwa ne in an yi magana. A Ingila, cikin 2020, gwamnati ta yi alkawarin barin iyalan baƙin likitoci da ma'aikatan jinya da korona ta kashe su zauna a ƙasar har abada, amma ta tsame masu shara da masu tura keken majinyata. Wani ɗan gudun hijira mutumin Siriya, wanda ke shara a wani asibitin London, ya yi wa Firayim Minista magana a bainar jama'a, ƙungiyoyin ma'aikata suka goyi bayan maganar, ran 20 ga Mayu gwamnati ta sake shawara ta haɗa da su. Ba a bukaci kuɗi mai yawa ba, abin da aka yi shi ne ƙara layi guda a cikin takarda.

Nan ne maganarmu ta zo kanku, ku akawuna na ƙananan hukumomi da na ma'aikatun lafiya. Kowace alfarma ta gwamnati da jerin sunaye ta ke farawa, jerin nan kuwa ku ke rubuta shi. Ran da aka ce a kawo sunayen ma'aikatan asibiti don rabon takunkumi, ko gwaji, ko allurar rigakafi, ko horo, ko alawus, alƙalaminku shi ke yanke wanda ya zama ma'aikaci da wanda bai zama ba. Sa'ad da allurar korona ta iso Abuja ran 2 ga Maris na 2021 aka ce a fara da ma'aikatan lafiya, to, a kowane asibiti wani akawu ne ya fassara wannan kalma. Muna roƙonku, duk sa'ad da irin wannan takarda ta zo teburinku, ku tambaya, ina masu shara, ina masu wanki, ina masu ɗaukar gawa, ina masu ƙona juji? In an ce na ɗan kwangila ne, ku rubuta wa na gaba da ku cikin ladabi cewa cuta ba ta duba fayil. In kuma takardar kwangila ce ta biyo ta hannunku, ku duba ko an rubuta a ciki cewa za a biya mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya zama Naira 70,000 tun watan Yuli na 2024, da kayan kariya, da hutun ciwo ba yanke. Kada kuma bocar talaka ta kwana a ƙarƙashin tari don ba shi da wanda zai biyo masa sawu. Jinkirin mako biyu a gare ku ƙaramin abu ne, a gare shi kuwa bashin mai shago ne da rashin barci.

Ku kuma malaman makaranta, naku ya fi zurfi, domin raini a aji a ke shuka shi. Makarantu nawa ne har yau in yaro ya makara ko ya yi laifi, horonsa shi ne ya share fili ko ya wanke ban ɗaki? Yaron da ya tashi a haka ya riga ya koyi cewa tsintsiya ta mai laifi ce, in ya girma ya zama likita ko babban sakatare da wannan ido zai dubi mai shara. Ku mai da shara aikin kowa bi da bi, har da ɗan sarki da mai ɗaukar na ɗaya, malami kuma ya riƙa kama tsintsiya wani lokaci don yara su gani. A darasin kiwon lafiya ku gaya musu cewa a shekarar 1847 wani likita a birnin Biyana, Semmelweis, ya rage mutuwar masu jego ƙwarai da wankin hannu da ruwan kilorin kaɗai, don su san tsabta kanta magani ce, mai yin ta kuma ma'aikacin lafiya ne. Ku lura da 'ya'yan irin waɗannan ma'aikata da ke ajinku, kada a tsangwame su ran da wata cuta ta ɓarke. Waɗanda ke koyar da yaƙi da jahilci kuma su nemi ma'aikatan asibitin garinsu su buɗe musu aji, don mai shara ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar da ya ke zubawa a bokiti.

Ga shugabannin asibitoci, abin da mu ke nema ba ya bukatar jiran kasafin kuɗi. A riƙa kiran masu shara wurin taron safe, a yi musu bayani da Hausa ko da harshen da su ke ji. A gaya musu ɗakin da ke da mai cuta mai yaɗuwa kafin su shiga. A ba su kayan kariya daidai da ɗakin da za su shiga, kada a auna da matsayinsu. A riƙa juya su, kada a bar mutum guda wata da watanni a ɗakin da a ke yawan mutuwa. A ba su wurin zama da ruwan sha da lokacin salla da hutawa. A sa wata babbar ma'aikaciyar jinya mai hankali, wadda aka ɗan horar, ta riƙa zama da su ko sau ɗaya a mako tana jin damuwarsu a asirce, wanda ta ga abin ya yi masa nauyi ta haɗa shi da likita ba tare da aikinsa ya taɓu ba. Sa'an nan a san sunayensu. Mutumin da ya shekara goma yana goge ofishinka, bai kamata har yanzu sunansa "kai" ko "ke" ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kakanninmu sun ga marisuwa a 1918. An ga sanƙarau a 1996, wanda ya kashe mutum fiye da 11,000, galibinsu a Arewa. A 2021, korona ba ta ko tafi ba, amai da gudawa ya kashe fiye da 3,000. A 2023 mashaƙo ya addabi yaran Kano da Yobe da Katsina, zazzaɓin Lassa kuwa kowace rani sai ya leƙo. Kowace daga cikinsu ta zo, akwai wanda za a miƙa wa bokiti da tsumma a ce ya shiga ya gyara. In muna so ya shiga da natsuwa, ya yi aikin da rayukanmu da na 'ya'yanmu suka rataya a kansa, to, tun yanzu da a ke zaune lafiya ya kamata a sanar da shi, a rubuta sunansa, a biya shi hakkinsa, a kuma gaishe shi. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya saka wa waɗanda suka yi mana hidima a ɓoye da alheri, amin.